Wasan kwamfuta na Buffalo Bill da tarihin da ya tsallake

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan tsofaffin wasannin kwamfuta na kaboyi da ake tonowa a intanet ana bugawa a yau, musamman Buffalo Bill's Wild West Show, wanda kamfanin Tynesoft na arewa maso gabashin Ingila ya fitar a 1989 domin na'urorin gida irin su Commodore 64 da ZX Spectrum da Amiga.

Waɗanda suka tsara shi sun nuna gwaninta, domin ƙwaƙwalwar Commodore 64 kilobait 64 ce kacal, kuma masu Spectrum daga kaset suke ɗora wasa, amma duk da wannan ƙunci aka shigar da jifan wuƙa, da harbin gwaninta, da hawan doki mai tutsu, da kama maraƙi da igiya, da kokawa da bijimi, da ceton keken doki.

Abin da ya dame ni shi ne labarin da wasan ya gada. William Cody, wanda wasan ya ɗauki sunansa, ya samu laƙabinsa na Buffalo Bill ne daga karkashe ɓaunar Amurka (buffalo) domin ciyar da ma'aikatan layin dogo na Kansas Pacific a 1867 da 1868, alhali wannan dabba ita ce abinci da sutura da tantin ƙabilun da ke zaune a filayen yankin, kuma kafin 1890 garkunanta, waɗanda a da ake ƙirgawa da miliyoyi, sun kusa ƙarewa. A 1883 Cody ya kafa wasansa na dandali mai suna Wild West, a 1887 ya kai shi Landan har gaban Sarauniya Victoria, kuma abin da ya fi jan 'yan kallo shi ne a ga 'yan asalin ƙasar sun kai wa keken doki hari, sannan fararen fata su zo su fatattake su. Sitting Bull, jagoran ƙabilar Lakota ta 'yan asalin ƙasar, ya yi 'yan watanni cikin tawagar a 1885. An kashe shi a Disambar 1890, makonni biyu kafin sojojin Amurka su hallaka mutanensa sama da 150, har da mata da yara, a Wounded Knee da ke jihar South Dakota. In ban da ceton keken doki, ko ɗaya daga cikin wannan bai shiga wasan kwamfutar ba, sai tafi da maki.

Ba cewa nake yi a daina bugawa ba. Amma mu da sinimomin Kano da Kaduna suka daɗe suna nuna mana kaboyi a matsayin jarumi, ya kamata mu san wanda ya fara tsara wannan hoto da kuma waɗanda aka zalunta. Saboda haka ina roƙon shafinku na kimiyya da fasaha, duk lokacin da zai gabatar da irin waɗannan wasanni, ya haɗa da tarihin ƙabilun Lakota da Cheyenne a gefensu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya