Sanarwa kan fita kallon tsuntsayen bazara

Assalamu alaikum, ƴan uwa mazauna Ingila. Ana sanar da ku cewa ranar Asabar, bayan sallar asuba, za mu fita wajen gari don kallon ƙananan tsuntsaye masu waƙa, waɗanda ke isowa daga Afirka cikin watan Afrilu. Da sassafe ne kukansu ya fi tashi, don haka a daure a zo da wuri.

Wanda nake so mu fi sa wa ido shi ne wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da Turawa ke kira whitethroat, wanda nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma yakan yi ƙiba a yankin Sahel, har da gefen Tafkin Chadi, sannan ya ƙetare Sahara. Za ku gan shi kan ƙayar shinge, maƙogwaro a kumbure, yana rera waƙa. A 1969 yawansu ya ragu ƙwarai a Birtaniya, masana kuma suka danganta hakan da farin da ya afka wa ƙasashenmu, abin da ke taɓa ni sosai.

Mai madubin hangen nesa ya taho da shi. A sa wa yara rigar sanyi, kuma don Allah kada a kusanci sheƙa.