Amsa ga Alhajin da ya tambayi amfanin na'urorin koyar da sola

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma.

A shirin rediyon makon jiya ka bugo waya kana tambayata: me ya sa makarantun fasaha ke neman kuɗin sayen na'urorin koyar da wutar rana da ta iska, alhali yaran kasuwa na koyon haɗa sola a shagon ubangidansu ba tare da ko ɗaya ba? Ka kuma nuna tsoron kada kuɗin ya tafi a ɓarna. Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Ba na raina yaran shago. Da yawansu sun fi ɗalibaina zafin nama, kuma tun daga kwali suke gane inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) ta jabu. Sai dai shago ba ya koyar da dalili. Yaro zai haɗa maka faifan sola da kwanturola (mai daidaita cajin batir) da batir yadda ya ga oga na yi, amma ran da wuta ta fara ɗaukewa ƙarfe biyun dare, abin da zai ce kawai shi ne batir ya mutu, a sayo wani.

Na'urar da kake ji ɗin tebur ne. A kansa akwai ƙaramin faifan sola, da fitila mai ƙarfi da ke zama a madadin rana, da kwanturola, da batir, da mitoci a kowace mahaɗa. Sai mu ce wa ɗalibi ya rufe ɗaya tak daga ƙananan gidajen da ke jere a fuskar faifan da guntun kwali. Nan take zai ga mita ta faɗi fiye da yadda ya zata, domin gidajen a sarƙe suke, ɗaya na bi ta cikin ɗaya. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai kafa maka faifai inda inuwar tankin ruwa ke sauka ba. Sannan a bar fitilar ta gasa faifan, ya ga bolt, wato ƙarfin turin wutar, na raguwa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faifai an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru ana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100. Da bazara a Sakkwato ko Maiduguri, faifan da ke kan kwano yakan kai digiri 60, ka ga mai wat 300 da ƙyar zai ba ka 260. Ba a ma zo kan ƙurar hunturu ba, ita ma mukan barbaɗa ta a auna.

Ɓangaren iska kuwa ƙaramar farfela ce a gaban fanka. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninki takwas yake yi. Idan ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ya saura. Shi ya sa ba a dasa injin iska sai an daɗe ana auna wurin. A Lambar Rimi ta Katsina an kafa injuna 37, kowanne kilowat 275, kusan megawat 10 ke nan, kuma ba a kan hasumiya ake fara koya wa yaro gyaransu ba. Duk da haka, in kuɗi bai isa ba, ni teburin sola zan fara saya, don shi ɗalibi zai tarar a kowace unguwa.

Inda nake tare da kai shi ne ɓarna. Na san makarantar da ta sayi irin wannan kaya aka lulluɓe da leda aka kulle, ba a buɗewa sai masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Fis ɗaya ya ƙone, babu na canji, babu wanda aka horar. Tunda ka ce kana cikin kwamitin iyaye, kada ku yarda a biya ɗan kwangila sai ya horar da ma'aikacin ɗakin gwaji kuma ya kawo kayan canji. Ku kuma nemi a riƙa buɗe ɗakin da yamma ga yaran shago.

Ranar Laraba muke gwaji, ƙarfe goma na safe, in ka samu sarari ka leƙo.

Wassalam,
Malamin lantarki a wata kwalejin fasaha