Koyon zanen tsarkaka da gwaiduwar ƙwai a Maradi

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili domin in yi bayani a kan sana'ar da nake koyo, wato zanen hotunan tsarkaka na Kirista da fentin gwaiduwar ƙwai, wanda majami'un Girka da Rasha suka gada daga Daular Bizantiya (tsohuwar daular Rum ta Gabas), kuma da shi shahararren mai zanen Rasha, Andrei Rublev, ya yi aikinsa a ƙarni na 15.

Ana fara manna ƙyalle a kan busasshen katako, sannan a shafa alli da aka dama da danƙon fata, shafi bisa shafi, a goge har ya yi sumul. Gwaiduwar kuwa a tafin hannu ake mirgina ta har farin ya rabu da ita, a huda ta, a zuba ruwa da ɗan ruwan tsami, wato ruwan khal, a kwaɓa da garin launi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fuska, domin da launi mai duhu ake farawa, a riƙa ɗora mai haske a hankali.

Hunturu ya koya mini darasi, domin fentin kan bushe a bakin burushi, ƙura kuma ta sauka a kan ɗanyen aiki, har sai da na koma zane da asuba, ƙofa a rufe. Jar ƙasarmu, idan an tankaɗe ta an niƙa da kyau, tana ba da launi mai ƙarko, shi ya sa nake kira ga masu zanen garinmu, Musulmi da Kirista, su gwada wannan haɗi a nasu aikin.

Naku,
Wani mai karatu, Maradi