Zakkar kuɗin caca ta yi mini nauyi a hannu

Malam Edita,

Ina gaisuwa da fatan alheri. A taimaka mini da ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista a kan cacar ƙwallo.

Ni tela ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu, ni ke ƙirga baiko bayan sujada. Wata Lahadi a watan jiya wani saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙa ya tashi ba da shaida. Ya ce ya sa naira 200 a wasanni goma sha biyu, duk suka shigo, ya ci naira 180,000, ga zakkarsa nan. Majami'a ta kaure da tafi da guɗa. Da na buɗe ambulan, naira 18,000 ce cif. Na rubuta a littafi tunda aikina ke nan, amma raina bai kwanta ba.

Washegari na tayar da zancen a shago. Ɗan ƙanwata da ke koyon ɗinki a wurina ya ce, "Kawu, nuna mini ayar da ta hana." Gaskiyarsa, babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce kada ka yi caca. Har ya kawo mini Ayyukan Manzanni 1:26, inda aka jefa ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas. Na ce masa a can nufin Allah ake nema, babu wanda ya sa ko kwabo, babu wanda ya koma gida aljihu wayam. In ƙuri'a a kan kayan wani yake so, ya buɗe Yohanna 19:24 ya ga sojoji suna yi a kan rigar Ubangiji a gindin gicciye.

Maƙwabtanmu Katolika koyarwarsu ita ce wasan sa'a shi kansa ba laifi ba ne, sai in ya raba mutum da abin da zai riƙe kansa da iyalinsa. Na ji wannan. Amma wa ke shiga shagon caca a unguwarmu da rarar kuɗi? 'Yan acaɓa ne, da 'yan makaranta, da masu koyon sana'a.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin wa ake ci. Matan zumunta suna adashi, kowace ta zuba, kowace ta kwasa, ba wadda ke kuka. A caca kuwa sai wasu sun yi asara kafin kai ka yi dariya. Lissafin ma ba ya ɓuya: mutum biyu su sa naira ɗari-ɗari, ɗaya a kan wannan ƙungiya ɗaya a kan waccan, a biya wanda ya ci 190, mai shago ya riƙe goma ko wa ya ci. Wannan zakkar da na ƙirga, gumin yara ne irin namu da tikitinsu ya yanke. Ta ina za a haɗa wannan da ƙaunar maƙwabci?

Shi mai neman ayar, sati biyu bayan nan na aike shi kasuwa da naira 25,000 ya sayo yadi da zare na ɗinkin Kirsimeti. Bai dawo ba sai dare, ido ja wur, ashe a caca ya zuba kuɗin, wai wasa ɗaya ne kawai bai shigo ba ya yanke shi. Kullum wasa ɗaya ne! Da na jawo durowar kekensa, tikiti ne cunkus, an ɗaure su da roba kamar kuɗi. Yaron ba ɓarawo ba ne, a hannuna ya tashi. Abin da Bulus ya faɗa wa Timoti ne, a wasiƙa ta fari sura 6, cewa masu ɗokin yin arziki sukan faɗa tarko. Saboda haka ni dai a wurina zunubi ne, ko babu ayar da ta kira sunansa.

A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta ce harkar caca hurumin jihohi ne. To mu me muka yi? Shiru. Wasu masu wa'azi ma su ne ke cewa ka shuka dubu ɗaya ka girbi dubu ɗari kafin ƙarshen wata. Yaron da ya tashi da jin wannan, me zai hana shi gwadawa a waya?

Na kai maganar taron dattawa, na ce a mayar wa saurayin ambulansa, fasto ya zauna da shi cikin ƙauna. Biyu sun goyi bayana, uku sun ce kuɗin ya riga ya shiga asusun rufin kwano. An ɗage zaman zuwa Asabar mai zuwa. Ina roƙon fastoci da ke karanta wannan jarida su rubuto su gaya mana yadda suke yi da irin wannan ambulan a nasu ikilisiyoyin.

Naka,
Wani tela daga Kafanchan