Zuwa ga Abba, a sansanin masu bautar ƙasa na Keffi

Assalamu alaikum. Da fatan ka sauka lafiya.

A tashar Unguwa Uku ban ce maka komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya", na juya na tafi. Ka san halina, bakina nauyi gare shi. Shi ya sa na ari biron Ummi.

Ummin ce ta ji ka a waya kana cewa ka warke, tsayuwar dare ta wadatar, da zarar ka fara bautar ƙasa za ka ajiye magani. Abba, tun da na ji ban runtsa ba. Wa ya ce maka addu'a da magani kishiyoyi ne? A gabana likitanka na Asibitin Malam Aminu Kano ya ce maganin ciwon damuwa ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali, kuma da saninsa. Ko digirin naka har da likitanci aka haɗa maka? Maganin wata 2 yana ƙasan jakarka, a ƙarƙashin kilishi. Ka sha.

Na san har yanzu maganata ta bara tana ranka, lokacin da ka rufe kanka a ɗakin soro, tuwo yana sandarewa a bakin ƙofa, na ce rashin tawakkali ne. Haka muka tashi muka gani. A kasuwar Kwari, mutum gobara za ta lashe shagonsa, ya yi salati, washegari ka gan shi da bandir uku na bashi a kafaɗa. Na zaci kowane ciwo haka ake yi masa. Ban san akwai wanda yake cin mutum ta ciki alhali yana sahun gaba a masallaci ba. Daren da ka gaya wa mahaifiyarka ba ka son ganin wayewar gari, a zaure na kwana a zaune, carbi a hannu, na kasa jan ko ƙwaya ɗaya. Na yi kuskure, ka yafe mini. Annabi Yakubu ma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Yaran da kake koya wa lissafi bayan la'asar sun zo sallama da kai har sau biyu. Ƙaramin nan mai wushirya ya ce a gaya maka ya iya rabawa yanzu.

Nisa ba ya ba ni tsoro, shirunka nake tsoro. Wancan karon ma da shiru ya fara, kana ta cewa "lafiya lau". In tunanin nan ya dawo, kada ka yi mini kara, kada ka jira gari ya waye. Ka tashi wanda ke kusa da kai, ku je asibitin sansanin, sannan ka kira ni. Na daina kashe wayata da dare, a gefen filo take kwana.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka rabar da kilishin duka.

Mahaifinka