Zuwa ga abokan cinikinmu: bayani kan lissafin gazwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, ƴan kasuwa, shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan furoje, da duk wanda ya taɓa hawa motarmu ko ya ɗora mata kaya a nan Tahoua da kewaye, muna gaishe ku gaisuwar girma. Allah shi sa kuna lafiya, ku da iyali.

Rubuta wasiƙa ba al'adarmu ba ce. Mun fi sabawa da a zo garaji a zauna kan benci, a sha shayi, a gama magana baki da baki. Amma tun da muka canza lissafin gazwal a farkon watan nan, zance ya yi yawa. Wasu sun same mu sun faɗa mana ido da ido, kuma mun gode musu. Wasu sun faɗa a saƙon murya na WhatsApp, aka yi ta turawa har ya faɗo wayoyin direbobinmu. Akwai kuma waɗanda ba su ce uffan ba, kiransu ne kawai ya ɗauke, sai dai mu hango kayansu a bayan wata mota a bakin tasha. Shirun waɗannan ya fi hana mu barci.

Ga abin da ya canza, don kowa ya ji daga bakinmu. A da muna lissafa lita 10 a kowace kilomita 100, ko wace mota ce, ko wace hanya ce. Yanzu Hilux lita 12 ce a kan gudro, Land Cruiser lita 14. In tafiyar ta rairayi ce, ba ma yanke adadi, sai an dawo a sake cika tanki a gaban mai haya ko wakilinsa, ya biya abin da famfo ya nuna. Kuɗin hayar yini yana nan inda yake, ko dala ba mu ƙara ba.

An ce mana: gwamnati ta rage kuɗin mai, ku kuma kun ƙara. Gaskiya ne an rage. A watan Yuli na 2024 litar gazwal ta sauko daga sefa 668 zuwa 618. Sai dai a tuna, kafin watan Agusta na 2022 litar nan 538 ce. An ɗora mata 130, daga baya aka sauke 50. Mun yi murna da ragin kamar kowa, kuma a kan farashin famfo muke yi muku lissafi, ba mu taɓa ɗora ko sefa ɗaya a kan lita ba. Abin da muka gyara shi ne yawan litar da mota ke sha, wanda gwamnati ba ta da hannu a ciki.

Magana ta biyu ita ce ta fi tsaya mana a rai. Wani ɗan'uwa mai ilimi, wanda muke ganin girmansa, ya buɗe waya ya nuna mana cewa masu ƙera Hilux sun rubuta kusan lita 8 a kilomita 100, ya ce to ina sauran huɗun ke zuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa mai tsawo, ku yi haƙuri da mu.

Adadin nan da ke takarda ba a kan hanya aka same shi ba. A cikin ɗakin gwaji ake ɗora motar a kan wasu ƙarafa masu juyawa, tayoyi na gudu, motar tana tsaye wuri ɗaya. Gwajin da ƙasashen Turai suka koma wa tun 2017, wanda suke kira WLTP, minti 30 ne, tafiyar kilomita 23 da ƴan kai, ɗakin kuma an daidaita zafinsa a digiri 23. Ana kashe kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota. Ba a labta mata kaya har baki. Babu iska mai tahowa ta gaba, babu rami, babu jaki ko garken awaki da za su sa direba ya taka birki ya sake ɗauko gudu daga farko. Tsohon gwajin da aka yi amfani da shi kafin wannan ma ya fi sauƙi, kilomita 11 ne kacal cikin minti 20. Ba mu ce ƙarya suka yi ba. An yi gwajin ne don mai saye ya gwada wannan mota da waccan a ma'auni ɗaya. Ko a can Turai, inda hanyoyi suke sumul, direbobi sun san mota tana shan fiye da abin da ke takarda.

Digiri 23! Mu nan a watan Afrilu da Mayu, 23 sai dai da asuba, in an yi sa'a. Da azahar ana haura 43, wani lokaci 45. Wa zai ce wa baƙon furoje ko Hajiya mai jego a kashe kilim tsakanin Badaguichiri da Malbaza da ƙarfe biyu na rana? Kilim daga inji yake jan ƙarfi, inji kuma daga tanki.

Sai hanya. Daga nan zuwa Yamai, ta Tsernaoua da Konni da Dogondoutchi da Dosso, kusan kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1,100. A lissafin takarda lita 88 ke nan. A lita 12, 132. Bambancin lita 44 ne, a farashin 618 ya kama jaka 27 da ɗoriya a tafiya guda, kuma wannan ita ce hanyarmu mafi kyau. A tsohon lissafinmu na lita 10, rabin wannan giɓin daga aljihunmu yake fita. Mun daɗe muna cikawa muna shiru, saboda kunya da kuma gudun irin wannan magana da ake yi yanzu.

Hanyar Abalak zuwa Agadez kuwa, duk wanda ya bi ta ya san akwai wuraren da sunan gudro ne kawai ya rage. Direba yana sauka gefe yana hawa, giya ta biyu, giya ta uku, ba ya samun ya saki mota ta yi dogon numfashi. Inji ya fi tattalin mai idan yana tafiya a babbar giya da gudu ɗaya, misalin 80 zuwa 90. Canjin giya kowane minti shi ke cinye tanki. In aka bar babbar hanya aka nufi Tchintabaraden, ko Tassara, ko Tillia, labari ya sake. A rairayi dole a rage iskar taya don ta baje, a haɗa ƙafafu huɗu su ja tare, a riƙe inji yana ihu don kada mota ta nutse. Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, babu turbo, inji ne mai haƙuri da ba ya barin mutum a daji, shi ya sa muke riƙe da shi. Amma ba a san shi da tsimi ba. A rairayi mai laushi yakan kusanci lita 20, kuma in mota ta kafe aka yi ta fama, man da aka ƙona wajen fitar da ita na'urar ƙirga kilomita ba ta ƙirga shi. Ba don ado masu ƙera ta suka sa mata tanki biyu na lita 90 kowanne ba. Da damina kuma ga koramun Keita da Bouza, a jira ruwa ya wuce ko a yi zagaye.

Maganar kaya za mu faɗe ta da ladabi, don da iyayenmu muke. Waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kusan tan ɗaya. Buhun albasa na Galmi ko Tamaske yakan haura kilo 100. A ce buhu goma, in an je loda sai a tarar sha uku ne, ga yara biyu da za su zauna a sama, ga buhun gero na gidan surukai da za a sauke a hanya. Ba mu taɓa cewa a sauke ba, kuma ba za mu fara yau ba. Amma kowane kilo inji ne ke jan sa. Kayan da aka tula suka zarce kan mota, katifu da kujeru da kayan ɗakin amarya, ko da ba su da nauyi suna tare iska, kuma in an ce wa direba ya taka don a isa kafin magariba, shan mai yana hawa da sauri fiye da yadda gudun ke hawa. Tsakanin 90 da 120 akwai lita masu yawa.

Akwai kuma man da ake ƙonawa a tsaye. Jira a shingen bincike, jira a haɗu da rakiyar jami'an tsaro a inda doka ta ce sai da ita, jira a ƙofar taro a ƙauye inji na aiki don maganin rigakafi ko kwamfuta ko mutane kada su dahu. Awa ɗaya a tsaye da kilim tana iya cin kusan lita guda, allurar kilomita ba ta motsa ba.

Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska, inji ya shaƙe ya fara baƙin hayaƙi, baƙin hayaƙi kuwa gazwal ne da bai ƙone ba. Maganinsa canza mataci da gyaran anjekta, mai fesa gazwal cikin inji, a kan lokaci. To a nan ne wata matsalar take. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suke shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, suna daɗewa a hanya, suna isowa da tsada. Mai kawo mana kayan gyara, wanda muka yi shekaru muna hulɗa da shi, yakan ce mako biyu, a yi wata biyu. Na kasuwa kuma kwali iri ɗaya ne da na asali, sai an ɗaura a gane. Sabbin injunan Hilux ba sa jure gurɓataccen mai ko kaɗan, ɗigon ruwa a tanki yana iya kashe anjekta da kuɗinsa ya fi ribar wata. Shi ya sa muka hana direbobinmu shan man bido na bakin hanya, ko da ya fi araha, don ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Gazwal ɗin matatar SORAZ ta Damagaram, wanda ake sayarwa a gidajen mai, shi muke sha, da rasit. Wanda ya ba ku farashi ƙasa da namu, ba mu ce komai a kansa ba, kowa da tsarinsa. Ku dai tambaye shi inda yake shan mai, da ranar da ya yi bidanji na ƙarshe, wato canjin man inji.

Yanzu ga abin da ya fi yi mana zafi. An ce direbobinmu suna zuƙe mai da tiyo suna sayarwa a ƙauyuka. Ba mu ce ba a yin haka a duniya ba. Amma mutanen nan kun san su, kun san iyayensu. Akwai wanda ya shigo garajin nan yana yaron mota, yau ƴarsa ta isa aure. Akwai wanda kuka sha ba shi kuɗin ciniki a leda ya kai Konni ba rubutu ba shaida, bai taɓa cin ko dala ba. Mutumin da aka amince masa da miliyan, a ce lita biyar ce za ta ruɗe shi? Babbansu ya zo ya ajiye makulli ya ce in haka ake kallonsa gara ya koma noma, da ƙyar muka lallashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun duba namu. Ga duk mai shakka, auna mai ba shi da wuya: a cika tanki har baki, a rubuta kilomita, a je a dawo, a sake cikawa a famfo ɗaya. Kada a dogara da lambar da ke fitowa a gaban direba, sau da yawa takan nuna ƙasa da gaskiya. Tankin Hilux lita 80 ne, ba ya ɓoye komai.

Mu ma ba zaune muke ba. Muna duba yadda za a rage wa kowa nauyi, muna magana da wasu mutane kan kayan gyara, kuma akwai tsare-tsaren da muke fatan za su kankama nan gaba kaɗan, in Allah ya yarda. Tsofaffin abokan hulɗa kuma ba za a yi musu kamar baƙi ba, za mu san yadda za a yi. Ba ma son yin alkawarin da bai nuna ba, shi ya sa ba mu faɗi rana ba.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na albasa, wanda ya fara ba marigayi mahaifinmu loda lokacin mota ɗaya ce tak a gidan nan, kuma har yau in ya kira sai ya fara tambayar lafiyar tsohuwa. Ga Hajiya mai kayan koli da muke kai wa kasuwar Lahadi, wadda ba ta taɓa barin direba ya tafi bai ci abinci ba. Ga likitocin dabbobi da muke shiga Azawak tare duk shekara, su sun ga rairayin da idonsu, ba sai mun yi musu bayani ba. Ga matan ƙungiyar lambu da suka taɓa biyan mu kafin aiki a shekarar da injinmu ya tashi, ba mu manta ba. Ga gidajen da muka kai musu amare, yau ƴaƴan amaren ne ke kiranmu. In akwai wanda ransa ya ɓaci, don Allah ya zo ya faɗa mana, ko ya aiko a kira mu, mu za mu zo har gida.

Garaji a buɗe yake kullum daga bayan sallar asuba zuwa isha'i, ban da lokacin Juma'a. Littafin mai na kowace mota yana kan tebur da rasit ɗinsa, wanda ya so ya zo ya duba, wanda ya so ya turo yaronsa ya bi mota a auna a gabansa, kujerarsa kyauta ce.

Allah shi bar zumunci, shi sa albarka a kasuwancinku, shi kiyaye mu da ku a kan hanya.

Wassalam.

Ɗanku kuma ƙaninku, mai garaji, a madadin direbobi, makanikai da yaran mota
Tahoua