Wasiƙa zuwa ga Mamana, a kan sunanta

Mamana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Tun ranar Lahadi da muka yi waya maganarki take cina a rai. Kin ce kina so ki je kotu ki yi takardar rantsuwa, a cire sunanki a sa Eunice, kafin a tura sunayenku bautar ƙasa. Kin ce malamai suna tuntuɓe da shi in suna kiran rajista, 'yan ajinku suna tambayarki na wane ƙauye ne, har wata ta ce kamar sunan magani. Na yi shiru, kika ɗauka fushi na yi. Ban yi fushi ba. Maganar ce ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Kin sani tun da aka haife ki ban taɓa kiranki da sunanki ba. Na mahaifiyata ne, bakina ba ya iya ɗaukarsa. Yau dai dole hannu ya rubuta abin da baki ya kasa faɗa: Afiniki.

Ki fara sanin cewa Afiniki da Eunice suna ɗaya ne, hanya ce kawai ta raba su. Asalinsa Girkanci ne, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kuma kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko "eu", wato kyau ko daidai. Ta biyu "nike", wato nasara. Kyakkyawar nasara ke nan. Wannan "nike" ɗin ita ce a jikin takalmin Nike da ƙaninki ya dame ni sai na saya masa, don kamfanin ya ari sunan ne daga allahiyar nasara ta Girkawan dā, wadda suke sassaƙawa da fukafukai. Ita ce kuma a cikin sunan Nikodimu wanda ya je wurin Yesu da dare, da Barniki ƙanwar sarki Agaribas, da birnin Tasalonika. Ita kuwa "eu", kina furta ta kullum ba ki sani ba. Da ita aka gina kalmar Girkanci mai nufin labari mai daɗi, wadda ta zama Injil a Larabci, ta iso mana a Linjila. Harafin E na farkon ECWA ma daga can ya fito. Sunan naki kuwa ya girmi Ikilisiya nesa ba kusa ba, domin mawaƙin Girkawa Hesiyod, kimanin shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, ya lissafa shi cikin sunayen 'yan matan teku hamsin na tatsuniyoyinsu.

Yanzu ki bi ni mu ga inda hanyar ta rabu, don nan ne zancen yake. Sunan ya shiga Turanci ta Latin. A can aka rubuta "k" da "c", Turawan Ingila kuma suka karanta "c" ɗin kamar "s", suka mai da "eu" ya zama "yu", suka haɗiye wasalin ƙarshe. Gaɓa uku ta koma biyu: Yunis. Namu kuwa ta gabas ya biyo. Girkawa har gobe Evniki suke cewa. Larabci ba shi da "v", sai Kiristocin ƙasar Sham suka sa "f" a madadinsa, kuma haka yake a Littafi Mai Tsarki na Larabci da aka buga a Bairut a 1865: Afniki. Waɗanda suka yi aikin fassarar Hausa, irin su Dokta Miller na Zariya, har Littafin ya fito cikakke a 1932, sun bi siffar Larabci a sunaye da yawa, tunda kunnen Bahaushe ya riga ya saba da ita. Shi ya sa muke da Bitrus da Bulus da Istifanus da Irmiya. Harshen Bahaushe kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai ya cusa wasali a tsakani, yadda ya yi wa asibiti da firamare. Afniki ya zama Afiniki.

To, ki faɗi ukun a jere da bakinki: Evniki, Afiniki, Yunis. Wanne ya fi kama da na masu abin? Da za ki sauka a Atina, babban birnin Girka, yau ki ce sunanki Afiniki, ina ganin tsohuwar da ke sayar da burodi za ta fi saurin gane shi a kan na Turawa. Wanda ake yi miki dariya a kansa ya riƙe "k" ɗinsa, ya riƙe wasalinsa na ƙarshe. Sannan ki tuna ke 'yar Arewa ce, nan za ki dawo. A asibiti ko banki a Kano a ɗaga murya a ce Yunis, kowa namiji zai waiwaya ya nema, don kunnenmu Yunusa yake ji.

Sau ɗaya tak sunan ya fito a Littafi Mai Tsarki, a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 1 aya 5. Bulus yana kurkuku, ƙarshensa ya matso, yana tuna wa Timoti cewa sahihiyar bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne a kakarsa Lowis da mahaifiyarsa Afiniki. Sauran labarinta sai an tsinto shi. Ayyukan Manzanni sura 16 ta ce Bayahudiya ce mai bi, mijinta kuwa Bahelene, wato mutumin Girka, suna yankin Listira, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, kudu da birnin Konya wanda Littafi yake kira Ikoniya. Gida ɗaya, al'ada biyu. Yaron ma ba a yi masa kaciya ba sai da Bulus ya zo. Duk da haka Bulus ya shaida cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai masu tsarki. Wa ya koya masa? Akwai kuma abin da nakan tsaya a kansa duk lokacin da na karanta. A Listiran nan aka jejjefi Bulus da duwatsu, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Wannan mutumin ne ya dawo ya ce zai tafi da ɗanta, yaron kuma ya tafi. Ban san nauyin wannan ba sai ranar da na tsaya a tasha ina kallon motar da ta ɗauke ki zuwa Legas.

Kakarki ba a raɗa mata sunan nan ba, ita ta zaɓe shi. Tana da 'ya'ya biyu lokacin da aka yi mata baftisma a rafin bayan garinmu, kakanki kuwa bai bi ba sai bayan shekaru. A ajin baftisma fasto ya ba su labarin matar nan, ta ce shi ke nan, ta sami takwara. Ba ta taɓa shiga makaranta ba. A ajin mata ta koyi karatu, da dare kuma ta zaunar da mu gaban aci-balbal, hannunta na ƙamshin man gyaɗa don ta wuni tana matsar ƙuli-ƙuli, tana bin layi da yatsa, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. In ta kakare a wata kalma sai ta ce in taimake ta, in na faɗa ta maimaita sau uku. Na daɗe da girma kafin na gane wasu kalmomin ta san su sarai, so take ni in karanta. Da kuɗin ƙulin nan na gama sakandare. A shafin farko na Littafinta ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, "N" ɗin a juye. Yana nan cikin akwatina.

Gaskiya ne sunan ya yi ƙaranci, ba zan musa miki ba. A majami'armu, in ka ji Afiniki to ka duba layin tsofaffin zumuntar mata. Yaran yanzu Favour ne da Precious da Miracle, kuma ban tuna rabon da in je suna a raɗa shi ba. Amma kada ki zaci Eunice ya tsira. Turawa sun fara sa wa 'ya'yansu shi ne bayan gyaran Ikilisiya, lokacin da suka koma tonon sunaye daga Littafi. Ya yi tashe a Amurka a farkon ƙarni na 20, yanzu kuwa su ma sunan kakanni suke ɗaukarsa. A ƙasashe irin su Kenya da Gana da kudancin ƙasarmu ne yake da sauran ƙarfi. Cikin masu sunan akwai Eunice Kennedy Shriver, wadda ta kafa gasar wasanni ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa a 1968. Wadda na fi so ki sani, tunda kimiyya kike karanta, ita ce Eunice Foote. A 1856 ta cika tulunan gilashi da iska iri-iri, ta sa ma'aunin zafi a ciki, ta ajiye su a rana. Mai iskar kabon ya fi sauran zafi, ya kuma fi su daɗewa bai huce ba. Ta rubuta cewa in wannan iska ta yi yawa a sararin sama, duniya za ta ɗumama. Namiji ne ya karanta takardarta a taron masana, aka manta da ita fiye da shekara ɗari, sai a ƙarnin nan aikinta ya shahara. Ita ma takwararki ce, ba sai kin je kotu ba.

Sai maganar takardu, wadda ba ta da daɗi amma dole in faɗa. Sakamakon WAEC ɗinki, da na JAMB, da lambar NIN, da BVN, duk Afiniki suke ɗauke da shi. Ranar da ɗaya ya saɓa da sauran kin ɗauko wa kanki jele. Ɗan abokina harafi ɗaya ne ya bambanta a takardunsa, sai da ya yi wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, abokan karatunsa suka tafi bautar ƙasa suka bar shi. Takardar rantsuwa da sanarwar jarida ba sa goge tsohon suna, rakiya suke yi masa, kuma duk inda kika nemi aiki ko biza sai kin sake bayani.

Ke ba yarinya ba ce, ba zan ɗaure miki hannu ba. In ƙawayenki suna kiranki Eunice ki amsa, ba ƙarya suka yi ba. Abin da nake roƙo, in malami ya kakare a rajista, kada ki sunkuyar da kai. Ki faɗa masa a hankali, gaɓa-gaɓa, A-fi-ni-ki, in ya tambayi ma'ana ki gaya masa. Mutanen da suka iya furta Oluwadamilola da Chukwuemeka ba za su kasa gaɓa huɗu ba.

Ki dakata da zancen kotu har ki zo Kirsimeti. Zan ciro Littafin kakarki in ba ki, dama ke na ajiye wa, ki ga rubutun da idonki, sannan mu zauna mu yi magana. Na sa miki kuɗin mota a asusunki. Mahaifiyarki ta ce ki sanar da ita ranar da za ki taso, kuma kada ki shigo motar dare.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Babanki